Shin kilarinet ta katako tana ƙarewa idan ta tsufa?

Kilarinet, baƙar sarewar nan mai maɓallan ƙarfe da ake gani a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, ta samo asali ne daga birnin Nuremberg na Jamus, inda Johann Christoph Denner ya ƙirƙiro ta wajajen shekarar 1700. Masu tsada daga cikinta ana sassaƙa su ne da itacen da ake kira mpingo, wanda akasari ake sarowa daga Tanzaniya da Mozambik.

An daɗe ana taƙaddama kan tsawon rayuwarta. Wasu ƙwararrun mabusa na cewa bayan shekaru ana busa ta kullum, muryarta kan dushe, sautinta ya daina daidaita, don haka sukan sauya ta. Hujjarsu ita ce, tururin numfashi yana jiƙa kogon cikinta, wanda faɗinsa kusan milimita 15 ne, sannan ya bushe. Wannan kumbura da tsukewa na yau da gobe yana sauya fasalin kogon, kuma ɗan sauyi kaɗan ya isa ya taɓa sauti.

Sai dai masu gyara da dama na ganin akasarin abin da ake kira tsufa rashin kulawa ne. Fatun da ke toshe ramuka sukan lalace su riƙa sakin iska, maɓallai su saki, datti ya taru. Duk waɗannan ana sauya su ko a wanke, sarewar ta farfaɗo. Shi ya sa ake samun kilarinet da ta haura shekara hamsin tana aiki sumul.

Babban haɗarin shi ne tsagewa, musamman a gaɓar sama, idan ciki ya jiƙe da ɗumi alhali waje na bushe da sanyi. Irin wannan yanayi ne ake samu lokacin hunturu a arewacin Najeriya. Don rage wannan matsala kamfanin Buffet Crampon na Faransa ya fito da samfurin Greenline, wanda ake haɗawa da garin itacen.

Ga mai niyyar sayen ta hannu, shekarunta ba su ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne tsaga, da lafiyar bakin ramuka, da daidaiton sauti idan gwani ya busa ta.