Ribar Takarda da Uwar Kuɗi: Lissafin da Fataken Mubi Ke Bukata

Ɗan kasuwar da ke gundumar Gude a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu yana ciniki ne da kuɗi iri biyu. Yakan sayi shanu ko hatsi da sefa daga hannun mutanen Kamaru, ta kan iyakar Sahuda da sauran hanyoyi, sannan ya sayar da naira a kasuwar shanu ta Mubi ko kuwa ya yi lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Wannan ne ya sa lissafin riba a wannan yanki ya fi na sauran wurare wuya, kuma ya sa ake samun mutumin da ke ganin riba a kowace tafiya amma garkensa na raguwa.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa: ciniki, riba da kuɗin hannu. Ciniki shi ne jimlar abin da aka sayar. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin sayen kaya da duk ɗawainiyar da aka yi musu. Kuɗin hannu su ne waɗanda suka shigo aljihu ko asusun banki. Wanda ya bai wa mahauta shanu bashi ya yi ciniki, a takarda ma ya ci riba, amma ba shi da abin komawa kasuwa har sai an biya shi.

Alal misali, a ce falke ya sayi bijimi a kan sefa 400,000 a lokacin da ake canjin sefa 1,000 a kan naira 1,500. Bijimin ya tsaya masa naira 600,000 ke nan. Ya kashe naira 100,000 wajen dusa da harawa, la'adar dillali, kuɗin mota da na rasit. Bayan wasu watanni ya sayar a kan naira 900,000. Ribarsa a takarda naira 200,000 ce.

To, amma kafin ya koma sayen wani, sefa 1,000 ta kai naira 2,200. Irin wannan bijimin yanzu sai da naira 880,000, alhali kuwa abin da ya rage masa bayan ɗawainiya naira 800,000 ne. Ko bai taɓa ko kwabo ba, ba zai iya mayar da bijimin da ya sayar ba. In kuwa ya ɗauki naira 200,000 ɗin nan ya yi hidimar gida da su, yana ganin riba ce ya ci, to naira 600,000 da ke hannunsa ba za su ba shi fiye da sefa 273,000 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na uwar kuɗinsa ya tafi, ba tare da an yi masa sata ko dabba ta mutu ba.

Irin haka ta faru a zahiri. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira, ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya, zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957, saboda haka duk faɗuwar naira tsadar sefa ce kai tsaye. Dattawan kasuwa za su tuna akasin haka a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, waɗanda ke riƙe da ita suka kwana a ciki. A ganinmu, falken kan iyaka ya kamata ya riƙa auna jarinsa da adadin dabbobi ko buhunan da zai iya saye, ba da yawan naira kaɗai ba, kuma kada ya kira wani abu riba sai ya ware kuɗin mayar da kayan da ya sayar a farashin ranar.

Hukumar haraji dai ba ta wannan lissafin. A wurinta ribar takarda ita ce abin sa wa haraji, kuma mai kasuwancin kansa wanda ba kamfani ba yana biya ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa, wato ta Adamawa ga mazaunin Mubi. Bisa dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50.

Falken da ya sayar da bijimai 30 a shekara kamar na misalinmu yana da ribar naira miliyan 6, harajinsa kuma naira 870,000 kafin a cire rangwamen da doka ta tanada, kamar na kuɗin hayar gida. Idan kuwa ya kasa nuna shaidar ɗawainiyar naira 100,000 a kan kowane bijimi, ana iya ɗaukar ribarsa a matsayin miliyan 9, harajin ya koma naira 1,410,000. Bambancin naira 540,000 ke nan, kusan kuɗin bijimi guda, saboda rashin rasit kawai. Wanda ba shi da littafi sam, ƙiyasi za a yi masa.

Littafin da ake bukata bai wuce na ɗan makaranta ba. A rubuta ranar saye, farashi da sefa da canjin ranar, ɗawainiya, farashin sayarwa, da sunan wanda ake bi bashi. Kuɗin cefane da na makarantar yara a ba su shafi na dabam, domin doka ba ta ɗaukarsu a matsayin ɗawainiyar kasuwa.