Dubai ko Abu Dabi: kafin a zaɓi gari, a san ajin da yaro zai shiga

Tun watan Yulin 2024, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta janye takunkumin bizar da ta sa wa 'yan Najeriya a 2022, tsohuwar gardama ta farfaɗo a majalisun likitoci, injiniyoyi da 'yan kasuwar da ke shirin kwashe iyali zuwa can. Wasu sun ce Dubai, don a nan makarantu suka fi yawa. Wasu sun ce Abu Dabi, wai ya fi natsuwa da tarbiyya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda duk su biyun ke cewa "makarantar intanashinal" kamar suna maganar sukari, wanda duk shagon da ka saya zaƙinsa ɗaya.

Ba a rasa dalili ba. A nan gida, gida mai ɗaki huɗu ne za a shafa wa fenti, a sayo kujerun roba, a rubuta "Intanashinal" a allo, shi ke nan kuɗin makaranta ya ninka. Sai kalmar ta zama lambar yabo a kunnenmu. A can kuwa ba yabo ba ce. Makarantun gwamnati na 'yan ƙasa ne galibi, da Larabci ake koyarwa, don haka kusan duk ɗan baƙo makarantar kuɗi zai shiga, ko ubansa shugaban banki ne ko direban tasi. Dubai kaɗai tana da irin waɗannan makarantu sama da 200, suna bin manhajoji fiye da goma: ta Birtaniya, ta Indiya, ta Amurka, ta Faransa, ta IB da sauransu. Akwai wadda kuɗinta a shekara ya haura dirhami 100,000, akwai wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Dirhami kuma a ɗaure yake da dala, 3.67 kowace dala ɗaya. Wanda albashinsa dirhami ne bai damu ba. Wanda ke aiko da kuɗin daga shagonsa na Kantin Kwari ya san abin da ya same shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023.

Manhajar nan ita ce gaɓar da iyaye ke tsallakewa, kuma ita ce ke cizo daga baya. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a garin da ba nasa ba ya san mudu suna ɗaya ne, ciki daban. Haka aji yake. Tsarin Birtaniya yana ƙirga shekara 13, na Amurka 12, saboda na farkon yana fara ƙirga tun yaro yana shekara biyar. Aji bakwai na Birtaniya shi ne aji shida na Amurka. Uba zai ji an ce an sa ɗansa a aji shida, ya tada jijiyar wuya wai an mayar masa da yaro baya, alhali mudu aka canza, hatsin yana nan yadda yake. Makarantun Indiya kuma a watan Afrilu suke buɗe shekara, sauran a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ka sauka da iyali a Janairu, ka tarar wata makarantar tana tsakiyar shekara, wata tana shirin rufewa.

Wannan duk mai sauƙi ne in yaro ƙarami ne. Ɗan shekara shida kamar dashen tumatir yake, ka cire shi da ƙasarsa, ka ba shi ruwa, ya kama. Ɗan shekara goma sha biyar ya zama bishiyar mangwaro da ta fara fure. A tsarin Birtaniya, karatun jarrabawar IGCSE na shekara biyu ne a haɗe, aji goma da na sha ɗaya. Bayansa A Level, shi ma shekara biyu. Difloma ta IB ma haka. Cire yaro a tsakiyar ɗaya daga cikinsu tamkar ɗauke yadi ne daga hannun tela bayan ya yanka, a kai wa wani tela mai wani ɗinki daban. Ko sauke tuwo bayan an yi talge, a ce za a ƙarasa shi a matsayin shinkafa. Ko da makarantun biyu duk na Birtaniya ne, hukumar jarrabawar na iya bambanta, wannan tana tare da Cambridge, waccan da Pearson, littattafan adabin da aka karanta ba ɗaya ba. Makarantu da yawa ma ba sa karɓar sabon ɗalibi a aji sha ɗaya.

Wata ƙanwata da mijinta ya sami aiki a can ta kira ni ana saura wata biyu su tashi.

"Yaya, mun gama magana, Abu Dabi za mu zauna. An ce ya fi kwanciyar hankali."

Na ce, "To madalla. Babbar 'yar taki wane aji za ta shiga, a wace manhaja, kuma sun ce akwai gurbi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai Abbansu ya ce in mun isa sai a duba."

Sun isa, sun duba. Makarantar da suke so ta cika, aka sa su a layin jira. Wadda ke da gurbi tana can wani ɓangaren gari, yarinya na tsaye a bakin titi da jaka tun gari bai gama wayewa ba tana jiran bas. Kuɗin hayar shekara kuwa an riga an rubuta cak an miƙa wa mai gida.

To ina bambancin garuruwan yake? Dubai ta fi zaɓi, wannan ba gardama. Nan ne cibiyar kamfanin GEMS, wanda ya samo asali daga makarantar da iyayen wanda ya kafa shi, Sunny Varkey, suka buɗe a 1968, yau kuma yana da makarantu na masu hannu da shuni da na masu matsakaicin ƙarfi. Sai dai cunkoson motocinta na iya cinye wa yaro awa guda kowace safiya. Abu Dabi, babban birnin ƙasar, makarantunta ba su kai yawan na Dubai ba, amma tana da tsofaffi masu suna irin su makarantar Birtaniya ta Al Khubairat, ita ma ta 1968, da rassan makarantun Ingila kamar Cranleigh a tsibirin Saadiyat. Tsakanin biranen kusan kilomita 140 ne. A taswira kamar Kano zuwa Zariya. Ba tafiyar da za a ɗora wa ɗan firamare kullum ba ce, ko da yake akwai iyaye maza da ke yin ta don aiki.

Batun tarbiyya da ake ba Abu Dabi fifiko a kai, a aji dai doka ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya: darasin Larabci dole ne, darasin addinin Musulunci dole ne ga ɗalibi Musulmi, ko makarantar ta Turawa ce. Amma kada uwa ta ɗauka wannan zai maye gurbin Islamiyya. 'Yan darussa ne a mako. Hadda da tajwidi sai an nema a waje. Tun Janairun 2022 kuma mako ya koma Litinin zuwa Juma'a, ana tashi da wuri ranar Juma'a. Sharja, maƙwabciyar Dubai inda haya ta fi sauƙi, ita ta ba da Juma'ar hutu gaba ɗaya.

Abu ɗaya da nake jin kishinsa shi ne rahoton duba makarantu. Hukumar KHDA ta Dubai ta fara aika masu duba makarantu tun 2008, tana ba kowace matsayi daga mafi kyau zuwa mafi rauni, mataki shida, ta wallafa cikakken rahoton a intanet kyauta. Hukumar ADEK ta Abu Dabi tana yin irin wannan a shirinta na Irtiƙa'a. A ciki za ka ga yadda ake koyar da lissafi, yadda Larabci yake, yadda ake kula da yaro mai buƙata ta musamman. Mu a nan, mai duba makaranta yakan zo, a ba shi lemo a ofishin shugaba, ya sa hannu ya tafi, iyaye ba su ji ba su gani ba. Wataƙila shi ya sa mutanenmu ba su saba neman rahoton ba ko da sun je inda ake da shi, sai su dogara da "matar wane ta ce". In ka buɗe rahoton, ka duba shekarar da aka rubuta shi, don shugaban makaranta na iya canzawa, malamai su watse.

Sai takardu. Shaidar canjin makaranta da aka kawo daga Najeriya sai ta bi ta ma'aikatar ilimi, ta harkokin waje, da ofishin jakadancin Daular a Abuja an buga mata hatimi. Wanda ya bari sai ya sauka can zai koma neman wanda zai yi masa zirga-zirga a gida, yaro na zaune. Iznin zaman yaron ma a rataye yake da na mahaifin da ya ɗauki nauyinsa. Aiki ya ƙare, a tattara a dawo, lokacin ne za a fara tambayar ko takardar da ke hannun yaron za ta shige a JAMB.

Mai shirin tafiya, ka nemi gurbi a rubuce daga makarantar kafin ka sa hannu a takardar haya, a Dubai ne ko a Abu Dabi.