Akuya Ta Haihu, Hantsa Babu Nono: Me Ya Canja a Rurum Tsohon Gari?

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, akwai kukan da mata masu kiwo ke yawan yi a Rurum Tsohon Gari da ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya: akuya ta haifi biyu, amma hantsarta a yamushe, 'ya'yan na bin ta suna kuka, ita kuwa tana kauce musu. Wata ta ce irin ne ya lalace, wata ta ce kambun baka ne. A nawa ganin, yawancin waɗannan awaki lafiyar irinsu ƙalau. Abincin da akuyar gida ta saba samu kyauta ne ya zama kayan sayarwa, ya fice daga gidan, kuma ba a kawo mata wani a madadinsa ba.

Jar akuyar nan da masana ke kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, da 'yar'uwarta ta ƙasar Kano, ba don madara aka san su ba. Fatarsu ce ta yi suna, har fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Akuya ce mai yawan haifar tagwaye, amma ko a ƙoshe take, nononta a yini bai cika wuce rabin lita zuwa lita guda ba. Wannan yakan ishi 'ya'ya biyu daidai wa daida, babu rara. Da zarar abinci ya ɗan ragu, a hantsa ake fara gani.

Me take ci a da? Dusar da ta fito daga surfen gida, ruwan ƙasarin da aka wanke hatsi da shi, harawar wake da ta gyaɗa da maigida ya ɗora a kan rumbu ko a reshen bishiya, 'ya'yan gawo da ke zuba da rani, sai ciyawar saura da ta gefen gona da yara ke yankowa. Babu wanda ya taɓa lissafa waɗannan da kuɗi. Yau kusan kowannensu yana da farashi. Hatsi ya koma inji, kuma gidan da ya ƙara yawan cin shinkafa da taliya ba ya tara dusa kamar gidan da ke surfa gero da dawa kullum. Saura ta yi ƙaranci domin gonar da uba ya noma shi kaɗai yanzu 'ya'ya da jikoki sun rarraba ta, babu mai barin tasa ta huta. Maganin feshi ya sauƙaƙa noma, wannan gaskiya ne, sai dai ya ƙone ciyawar da ake yanka wa dabbar da ke turke, kuma wadda ta tsira ma mutane na tsoron ba ta saboda guba.

Harawa ce ta fi ba ni tausayi. Ita ce abincin da ya fi dacewa da akuya mai ciki da mai shayarwa, saboda ganyen wake da na gyaɗa na ɗauke da sinadarin gina jiki da karan dawa ba shi da shi. To amma harawa ta samu masu saye. Tun da kaka ake ɗaure ta dami-dami ana loda wa motoci zuwa birni, inda masu kiwon raguna da shanun turke ke jiran ta. Manomin da ke da bashin taki a wuyansa zai sayar, kuma ba zan ga laifinsa ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin niƙa da na sufuri sun tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, buhun dusa ya zama abin da ake shawara kafin a saya. Ɗan abin da ya rage a gida kuma, ragon layya ake fara ba wa, domin shi ne na maigida, shi ne kuma ake ganin kuɗinsa a dunƙule. Akuya ta uwargida ce. Sai a bar ta da ɓawon rogo da ragowar tuwo, ta fita bola ta ƙarasa da leda. Mahauta sun san irin tulin ledar da suke fitarwa daga tumbin awaki, kuma akuyar da leda ta cika wa ciki ko an ba ta abinci ba ta da wurin zuba shi.

Akwai kuma lissafin lokaci da ba a cika lura da shi ba. Da damina awaki na ɗaure don kada su yi ɓarna. Ana gama kawar da amfanin gona, wajen watan Nuwamba, sai a sake su, su haɗu da bunsuru. Cikin akuya wata biyar ne, kwana 150 ko kusa da haka. Ke nan haihuwa za ta faɗo a Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da kara ya ƙare, harawa ta yi tsada, ƙasa ta yi fayau. Mafi yawan girman ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake faruwa, a nan ne kuma hantsa ke haɗa kanta. Akuyar da ta yi waɗannan makonni da yunwa za ta haifi 'ya'ya ƙanana marasa kuzari, ta kuma zo da nono kaɗan. Ranar haihuwa ake ganin matsalar, amma tun wata ɗaya da rabi kafin nan aka yi sakacin.

Wani zai ce ai Rurum a gindin ruwa take, ga madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970, ga noman rani a yankin Bunkure da Kadawa, ya za a yi dabba ta rasa ɗanyen ganye? Ruwan ya amfani wanda ke da fili kusa da shi. Ga akuya kuwa, inda lambu ya yawaita sai ɗauri ya yawaita, domin wadda a da ake saki da rani ta yi kiwo yanzu dole a tsare ta, kada ta shiga tumatirin wani a yi shari'a. Akuyar da ke turke abin da aka kawo mata kawai take ci, ruwan da aka tuna aka ba ta kawai take sha. Nono kuwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne. Kwano ɗaya da yamma a zafin Afrilu ba zai ishi mai shayar da biyu ba.

Yunwa ce na sa a gaba, amma ba ita kaɗai ba ce. Wadda ta haihu da damina ga ciyawa kore shar, duk da haka ta rame nono ya ƙafe, galibi tsutsar ciki ce ke shanye mata jini. Gane wannan ba ya buƙatar asibiti. A ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa a duba: ta mai lafiya ja ce, ta wadda jininta ya ƙare fari fat, wani lokaci har da kumburi a ƙarƙashin haɓa. A Afirka ta Kudu aka tsara wannan dubawa ta zama hanyar tantance dabbar da ke buƙatar magani, don a daina ɗura wa garke gaba ɗaya. Mu a nan abin da ya fi yawa shi ne a sayi ƙwaya a kasuwa a raba ta biyu ko uku don ta isa, tsutsar ba ta mutu ba, ta ma saba da maganin.

Sai barbarar wuri. 'Yar akuya na iya ɗaukar ciki tun tana wata shida ko bakwai, jikinta bai gama ginuwa ba, kuma da yake bunsuru a sake yake cikin gari, babu mai hana shi. Irin wannan haihuwar fari ce takan zo da hantsa kamar ba ta haihu ba, wani lokaci ma ta ƙi ɗan. Uwa kuma kafin ta farfaɗo daga shayarwa ta sake ɗaukar wani cikin. Ciwon hantsa shi ma yana nan: ɓangare ɗaya ya yi tauri da zafi, nonon ya fito da gudaji ko jini, tana harbin ɗan saboda raɗaɗi, a ɗauka mugunta ce. Wannan aikin malamin dabbobi ne, kuma jinkiri kan kashe ɓangaren har abada.

Abin da ke biyo baya a kan 'ya'yan ya fi sauri. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi, nonon farko mai kauri, yake samun ta, kuma hanjinsa a yinin farko kawai yake iya karɓar wannan garkuwa. Wanda bai sha dakashi sosai a sa'o'in farko ba, ko ya rayu, shi ne zawo ko sanyin ƙirji zai fara ɗauka. Ana gane mai jin yunwa da tsayuwarsa: baya a tanƙware, ciki a lotse, gashi a tashe, in ka sa yatsa a bakinsa ka ji sanyi maimakon ɗumi. Wanda ya daina kuka ya fi mai kuka shiga haɗari. Asarar kuma a kan mace take sauka, domin akuya ce asusunta, da 'ya'yanta take yin kayan ɗakin 'yarta, kuɗin magani, da gudummawar biki. Ɗan akuya ɗaya da ya mutu a mako na biyu ya tafi da wata biyar na ciki da duk abin da uwar ta ci. Mai kiwon da ta ga haka sau biyu takan kai uwar kasuwa a rame, a saya da arha, garken ya ragu a daidai lokacin da gidan ya fi buƙatarsa.

Dabarun da ake yi a gida wasu na taimako, wasu na ƙarasa ɗan. Ɗura wa jariri koko ko kunu kuskure ne babba, tumbinsa bai fara aiki ba, ba ya iya narkar da hatsi, zawo kawai zai jawo masa. Madarar gari ta awo ta yi tsada, sai a tsinka ta da ruwa har ta zama ba komai. Abin da ya fi shi ne a samu wata akuyar da ta haifi ɗaya ko ɗanta ya mutu, a riƙe ta safe da yamma ɗan ya sha. In babu, nonon saniya sabon tatsa daga rugar Fulani, a tafasa a bar shi ya dawo ɗumin jiki, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini da bulumboti mai tsabta, yana tsaye a kan ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi a ɗura, nonon kan bi ta huhu. Kuma kada a raba shi da uwar gaba ɗaya, domin tsotso ne ke sa hantsa ta ci gaba da kawowa. Ita uwar a ware ta daga sauran a lokacin ci, a ba ta harawa, dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa a gabanta ko da yaushe. A ƙara hatsi sannu a hankali. Na san tausayi kan sa a juye mata kwanon masara rana ɗaya, amma hakan kumburin ciki yake kawowa, yana iya kashe ta kafin gari ya waye.

Gwamnatocin Jigawa da Kano sun raba wa mata awaki don su samu jari, gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo a 2024, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na yin allurar rigakafin cutar nan mai zawo da majina da ake kira PPR, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Duk abin so ne. Sai dai matar da aka miƙa wa akuya ba tare da tanadin abincin bazara ba, an ƙara mata baki ne a gidan da harawarsa ta riga ta tafi birni. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya da ofishin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano sun daɗe suna aiki a kan abincin dabbobi da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Da malaman gona za su kawo irin wannan iri Rurum da ƙauyuka irin su Saji da Tarai a daidai lokacin shuka, da ya fi wa akuya amfani fiye da kwalbar maganin ƙarin nono da ake tallatawa a kasuwa.

Kafin nan, abin da ke hannun mai kiwo lissafi ne na watan Nuwamba. Mai awaki biyar da harawar da ba za ta kai su Afrilu ba, gara ta sayar da ɗaya tun da kaka tana da ƙiba, ta sayi dami da kuɗin lokacin yana da araha, ta ɓoye shi inda rana da ruwa ba za su taɓa ba. Ta lura da ranar da bunsuru ya hau kowace, ta ƙirga wata uku da rabi, daga nan ta fara ba ta nata kason daban. 'Yan matan garken kuma a ɗaure su nesa da bunsuru har su kusa shekara.