Ina Ruwan Yake Tafiya? Dalilan Raguwar Ruwan Sanyaya Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a Yakasai ko a Mandawari ko a gindin Dala, ya san halin randa. A cika ta da yamma a rufe bakinta, washegari sai a tarar ruwan ya yi ƙasa kaɗan, alhali babu wanda ya ɗiba kuma babu inda ta fashe. Irin wannan tambaya ce take damun masu haɗa kwamfutar da ake sanyayawa da ruwa. Sukan cika tanki, su ɗaure kowace mahaɗa tamau, amma bayan 'yan watanni su ga ruwa ya sauka daga inda suka bar shi. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma ba ya raguwa banza, kuma sanin dalilin raguwar shi ne zai raba mai na'ura da asara.

Me ya kai ruwa cikin kwamfuta?

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Alal misali, katin sarrafa hoto na RTX 4090 wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana iya cin wat 450 shi kaɗai. Idan ba a kwashe wannan zafi ba, ƙwaƙwalwar na'urar takan rage gudu da kanta in ta doshi digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, ko ma ta ɗauke gaba ɗaya. Yawancin kwamfutoci da fanka ake sanyaya su, amma ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: lita 1 ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai iska lita 3,000 da 'yan kai za ta ɗauka. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya riƙa sanyaya wasu manyan kwamfutocinsa da ruwa.

Tsarin ya yi kama da na lagireton mota wanda makanikan Ƙofar Ruwa suka sani sarai. Ana ɗora wani faifan tagulla mai hanyoyin ruwa a kan ƙwaƙwalwar, ƙaramin famfo ya tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafi ya bi tiyo zuwa lagireto, fanka ta huce shi, sannan ya koma tanki ya sake zagayowa. Tun da rufaffen zagaye ne, sai mutum ya zaci ko ɗigo ba zai ɓata ba. To, ga hanyoyi huɗu da ruwan yake bi ya ragu.

Na farko: iskar da ta maƙale

A ranar da aka fara cika na'ura, iska takan ɓuya a lungunan lagireto da kusurwoyin tiyo. Akwai kuma iskar da take narke a cikin ruwan, wadda takan fito idan ya yi ɗumi, kamar ƙananan kumfan da ake gani a jikin tukunya tun kafin ruwa ya tafasa. Da famfo ya kama aiki, kumfan nan sukan taso zuwa tanki, ruwa kuma ya gangara ya cike gurbinsu. A ido, ruwa ya ragu, a haƙiƙa kuwa wuri kawai ya sake. Alamar wannan ita ce raguwar takan zo da sauri a kwanakin farko, sannan ta tsaya.

Na biyu: kumbura da tsukewa

Ruwa yana ƙara girma in ya yi zafi. Lita 1 da ta tashi daga digiri 20 zuwa 40 takan ƙaru da kimanin mililita 6. A cikin siririn tanki, wannan ya isa a gani da ido. Wanda ya duba tanki da rana na'ura tana aiki, ya sake dubawa da asuba tana kashe, zai yi tsammanin ya yi asara, alhali bai yi ba.

Na uku: ratsawa ta jikin tiyo

A nan ne misalin randa yake da amfani. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi, ruwa yana nasowa ta cikinsu ya zama tururi ya bi iska. Kowane giram 1 da ya tashi yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400, wanda ya isa ya sauke zafin fiye da rabin lita da digiri 1. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi, kuma a kan wannan ƙa'ida ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Tiyon roba ba shi da ƙofofi irin na yumɓu, amma ƙwayoyin ruwa ƙanana ne ƙwarai, har sukan kutsa tsakanin zaren robar ɗaya bayan ɗaya, su fita waje a matsayin tururi. Ba a ganin jiƙa, ba a ganin ɗigo. Robar silikon ta fi kowace barin tururi ya wuce, baƙar robar EPDM tana riƙewa sosai, gilashi da tagulla kuwa ba sa bari sam. Zafi yana ƙara saurin abin, domin ƙarfin tururin ruwa a digiri 40 ya ninka na digiri 20 fiye da sau uku. Bushewar iska ma tana ƙarawa. Ke nan a Kano, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, hunturu kuma ya busar da iska ƙayau, ana sa ran raguwar ta fi ta ƙasashe masu sanyi da laima. Sai dai akwai bambanci: a randa, tafiyar ruwan ita ce take kawo sanyi, a kwamfuta kuwa lagireto ne mai sanyayawa, ratsawar asara ce kawai. Alamarta ita ce raguwa a hankali, cikin watanni, ba tare da tsayawa ba.

Na huɗu: yoyo

Wannan shi ne abin tsoro. Zoben robar da ke cikin mahaɗa yakan tsufa ya taurare, mahaɗa takan saki, tanki yakan tsage. Wani lokaci ɗigon yakan bushe kafin a gan shi, sai dai ya bar farin tabo ko launin ruwan a wurin. Ɗigo ɗaya a kan allon lantarki yana iya ƙona kayan da suka fi komai tsada a na'urar. Alamar yoyo ita ce raguwa mai sauri a na'urar da ta daɗe da daidaita.

Abin da ya kamata a yi

A manna alama a jikin tanki lokacin da na'ura take a kashe ta huce, a rubuta kwanan wata, a riƙa dubawa a irin wannan yanayi duk mako. Idan ana zargin yoyo, a cire wuta daga sauran sassa, a shimfiɗa farar takarda mai tsotsar ruwa a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar famfo ya yi aiki shi kaɗai na wuni guda. Kada a bari ruwa ya sauka har famfo ya shaƙi iska, domin ruwan ne yake sanyaya shi yake kuma hana shi gogayya. Wajen ƙari, a yi amfani da ruwan da aka tace ta hanyar tururi tare da maganin tsatsa da gansakuka. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa yana ɗauke da gishirin ƙasa da zai toshe hanyoyin faifan. Kada kuma a haɗa tagulla da alminiyam a zagaye ɗaya, domin ruwa yakan sa alminiyam ya ci.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan ba tare da kwamfuta ba. A sami tuluna biyu masu girma ɗaya, a cika su, a rufe bakinsu, a naɗe ɗaya cikin leda a ɗaure. A auna nauyinsu da zafin ruwansu kowace safiya har kwana 7. Sannan a maimaita da damina, ɗalibai su kwatanta alƙaluman su faɗi da kansu wane tulu ne ya fi rasa ruwa, a wane lokaci, kuma don me.