Biskit Ɗin Citta Na Masu Gudun Sukari A Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka, da zarar watan Disamba ya kama sanyi ya sauko, akwai wani ƙamshi da yake cika gidaje wanda kowane yaro ya san shi, wato ƙamshin biskit ɗin citta da ake gasawa domin bikin Kirsimati. Biskit ne mai duhun launi, fuskarsa a tsattsage, gefensa da ɗan ƙarfi, tsakiyarsa kuwa da taushi da danƙo. Ban da cittar, abubuwa uku ne ginshiƙinsa, garin alkama da sukari da kuma wani baƙin ruwan rake mai kauri wanda Turawa suke kira molasis. To, a nan gizo yake saƙar, domin waɗannan abubuwa uku su ne ainihin waɗanda likita yakan fara ja wa mai ciwon sukari kunne a kansu. Masu wannan ciwo kuwa ba kaɗan ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawansu ya tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a shekarar 2022. Mutumin da ya tashi yana cin wannan biskit daga hannun kakarsa, ranar da aka ce masa ya bar shi, ba zaƙi kaɗai aka raba shi da shi ba. Wannan ne ya sa masu toye-toye na can suka duƙufa neman hanyar da za a yi shi ba tare da ya ɗaga sukarin jini ba.

Shi dai molasis ɗan'uwan mazarƙwaila ne. Idan an matse rake aka dafa ruwansa har ƙwayar sukari ta fito aka kwashe ta, ragowar ruwan da ya saura shi ne molasis. In an sake dafawa sau na biyu sai ya ƙara duhu, a dahuwa ta uku kuwa sai ya zama baƙi ƙirin, mai ɗaci-ɗaci, mai sinadarin ƙarfe da wasu ma'adinai. Tarihinsa a Amurka ba mai daɗin ji ba ne. A ƙarni na 18 jiragen ruwa suna ɗauko shi daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan, inda bayi suke aiki, su kai shi garuruwan arewa maso gabashin Amurka a mai da shi barasa, barasar kuma a kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da wasu bayin. Cinikin ya yi ƙarfin da har majalisar Ingila ta ɗora masa haraji da doka a shekarar 1733. Da yake farin sukari yana da tsada a wancan zamani, molasis ne zaƙin talaka, da shi ake yin burodi da wake da biskit. Mutanen birnin Boston kuwa suna da nasu dalilin tunawa da shi, domin ran 15 ga Janairu 1919 wani ƙaton tanki mai ɗauke da galan fiye da miliyan 2 ya fashe a wata unguwa ta birnin, molasis ya malala kan tituna kamar ambaliya, ya kashe mutum 21, ya raunata wajen 150.

Tsarin cin abincin da ya jawo wannan sabon biskit, wanda ake kira keto, tun asali ba domin rage ƙiba aka ƙago shi ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa mai farfaɗiya yakan sami sauƙi in ya yi kwanaki ba ya cin abinci, amma ba wanda zai iya dawwama a kan yunwa. A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, na asibitin Mayo a jihar Minnesota, ya kawo shawarar a yaudari jiki, a ba shi mai da yawa, a hana shi sitaci da sukari. Idan jiki ya rasa sukarin da zai ƙona, sai hanta ta juya kan kitse tana narka shi tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, su ne ƙwaƙwalwa take amfani da su a madadin sukari, kamar dai yadda yake faruwa ga mai dogon azumi. An yi ta yi wa yara magani da wannan hanya har zuwa 1938, lokacin da aka sami sabon maganin farfaɗiya na ƙwaya, sa'an nan aka yi watsi da ita sai a asibitoci ƙalilan. Ta sake farfaɗowa a 1994, sa'ad da wani mai shirya fim, Jim Abrahams, ya kafa gidauniya bayan ɗansa ya sami lafiya ta wannan hanya a asibitin Johns Hopkins. Masu neman rage ƙiba kuwa suna da tasu silsilar, tun daga William Banting na Landan da ɗan littafinsa na 1863 har zuwa Dakta Robert Atkins da nasa littafin na 1972.

Ƙa'idar da masu bin keto suke riƙewa ita ce kada sitaci da sukarin da mutum zai ci a yini ya wuce giram 20 zuwa 50. Biskit ɗin citta guda ɗaya irin na gargajiya yakan ɗauki giram 15 ko fiye. Ashe ke nan biskit biyu ko uku sun cinye rabon yini ɗungum.

Garin alkama ne aka fara sallama, domin kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sitaci ne. A gurbinsa aka ɗauko garin almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa wanda jihar Kalifoniya take noma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da duniya take samu. A giram 100 na garin almon, abin da jiki zai mai da shi sukari bai fi giram 10 ba, sauran mai ne da furotin da dusar da ciki ba ya narkarwa. Amma fa alkama tana da wani danƙo na halitta wanda yake riƙe ƙulli, shi ne ake gani yana jan zare idan ana murza ƙullin burodi, almon kuwa ba shi da shi ko kaɗan. Saboda haka biskit ɗin almon yakan marmashe a hannu in ba a sa masa ƙwai ba, wasu kuma sukan ƙara ɗan garin zantan, wani danƙo da ake samu a kanti, misalin rabin ƙaramin cokali. Akwai masu gauraya garin kwakwa, sai dai shi mayen ruwa ne, cokali biyu sun isa, in an zarce sai biskit ya fito a bushe yana shaƙe maƙogwaro.

Maganar sukari ta fi wannan wuya, domin aikin sukari a cikin tanda ya wuce zaƙi. Shi ne yake narkewa ya sa ƙulli ya baje, shi ne yake ƙonewa kaɗan ya ba da launi, shi ne kuma yake riƙe laima. Abin da aka fi sawa a madadinsa shi ne eritritol, wanda zaƙinsa ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na sukari, yawancinsa kuma yakan fita ta fitsari ba tare da jiki ya ƙona shi ba. Aibinsa biyu ne, ba ya yin ja a wuta, kuma idan biskit ya huce yakan koma ƙwaya-ƙwaya ya bar wani sanyi a harshe kamar na na'ana'a, abin da bai dace da zafin citta ba. Na biyu shi ne alulos, wani nau'in sukari da ake samu kaɗan-kaɗan a ɓaure da busasshen inabi, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a 2019 a daina lissafa shi cikin sukari a jikin kwalin kaya. Shi kam yana ba da taushi da launi, har ma yakan yi gaggawar ƙonewa, don haka sai an rage wuta. Gwanayen abin sukan haɗa biyun, eritritol domin gefe ya yi ƙarfi, alulos domin tsakiya ta yi danƙo.

Saura molasis, kuma a kansa ne masu keto suka rabu biyu. Masu tsanani sun ce sukari sukari ne ko da baƙi ne, don haka suna amfani da ɗigon ƙamshinsa na kwalba kawai. Sauran kuwa suka ce a yi lissafi tukuna. Babban cokali ɗaya na molasis yana ɗauke da misalin giram 15 na sukari, in an raba shi a kan biskit 20 kowane ɗaya bai sami ko giram ɗaya cikakke ba. In kuma aka zaɓi baƙin nan na dahuwa ta uku, ƙarfin ɗanɗanonsa yakan sa cokali ɗaya ya yi aikin da na farko zai yi da cokali uku ko huɗu. Hujjar waɗannan ta fi ƙarfi, domin biskit ɗin molasis da babu molasis a cikinsa suna ne kawai ya rage masa. Akwai kuma wani dalili na kimiyya. Molasis yana da ɗan tsami, tsamin nan ne yake haɗuwa da sodar gashi, wadda aikinta ya yi kama da na kanwa, ya fitar da iskar da take kumbura biskit ta tsattsage fuskarsa. Wanda ya cire molasis ɗungum, sai ya nemo tsami a wani wuri, ko ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami, in ba haka ba biskit ya fito a daskare da ɗanɗanon sabulu.

Yadda ake haɗa shi ba wani abu ne mai wahala ba. Ana buga bota giram 85 da rabin kofi na abin zaƙin har su yi laushi, a fasa ƙwai ɗaya a ciki, a zuba babban cokali ɗaya na molasis. A wani kwano dabam a gauraya kofi biyu na garin almon da ƙaramin cokali biyu na garin citta, ɗaya na kirfa, rubu'in cokali na kanumfari, rabin cokali na soda da ɗan gishiri. Sai a haɗa su, a sa ƙullin a firiji na rabin sa'a domin man ya daskare. Bayan haka a mulmula shi ƙanana guda 20, a ɗan danna kowanne da tafin hannu, gama ƙullin almon ba ya bajewa da kansa yadda na alkama yake yi. A gasa minti 10 zuwa 12 a zafin digiri 175, ko 160 in alulos ne ya fi yawa. Inda mutane da yawa suke yin ɓarna shi ne wajen saukewa. Biskit ɗin yakan fito lugub kamar bai gasu ba, mai gaggawa ya mai da shi wuta ya ƙone, ko ya ɗaga shi ya wargaje. Sai an bar shi a kan farantinsa ya huce sarai kafin ya haɗe jikinsa. In an bi wannan awo, kowane biskit yakan tsaya a wajen giram 2.

Sai dai akwai abin da kwalayen talla ba su cika faɗa ba. Garin almon ya fi na alkama nauyin kuzari nesa ba kusa ba, don haka biskit ɗaya yakan kai kalori 100, wanda ya cinye goma yana taƙama babu sukari, ya ci rabin abincin yini. A watan Fabrairu 2023 kuma wasu masu bincike na asibitin Cleveland, ƙarƙashin Dakta Stanley Hazen, suka buga rahoto a mujallar Nature Medicine cewa mutanen da aka sami eritritol da yawa a jininsu sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar jiki, sun kuma nuna yana ƙara saurin daskarewar jini. Yawancin waɗanda aka bincika dama masu haɗarin ciwon zuciya ne, amma ai irin waɗannan mutanen ne suka fi sayen kayan. Wani abin zaƙin da ake kira zailitol kuwa guba ne ga karnuka, ɗan kaɗan yana iya kashe su. Mafi muhimmanci, mai ciwon sukari da yake allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage sukari, in ya yanke sitaci farat ɗaya ba da sanin likitansa ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa har ya suma. Shi ya sa a asibitocin da ake yi wa yara maganin farfaɗiya da keto, ma'aikacin abinci ne yake auna kowane giram da sikeli.

Ita kuwa cittar da take ba biskit ɗin sunansa, ba ta da laifi a wurin kowa, kuma tana da alaƙa da ƙasar nan. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da suke noma citta a duniya, yawancinta daga kudancin Jihar Kaduna, wajajen Kaciya da Jaba da Kagarko, inda ake tsaga ta a shanya a tura ƙasashen waje, kuma 'yan kasuwar can sun san ta da zafi da yawan mai. A damunar 2023 wata cutar ruɓewa ta faɗa wa gonakin yankin ta halaka mafi yawan amfanin, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Uwargidan da take son gwada wannan biskit a Kano ko Zariya, citta da kanumfari suna bakin ƙofarta, mazarƙwaila kaɗan da aka narka za ta tsaya a gurbin molasis. Garin almon ne zai yi mata tsada, amma soyayyar gyaɗa ko riɗi da aka niƙa sama-sama, ba har su fitar da mai ba, suna kusa da shi wajen ƙarancin sitaci. Garin aya kam, ko da yake ana ganinsa a kantunan Turai cikin kayan masu kula da lafiya, ba ya cikin wannan sahu, domin aya saiwa ce mai cike da sitaci da sukari.