Kalmar «kai»: kama da wane ba ta wane

A Hausa «kai» na nufin sashen jiki, da karin sauti mai faɗuwa. Da karin sama kuwa wakilin suna ne, ko aikatau, kamar a «ya kai kaya». A Zabarmanci «kay» tsayawa ce. A Girkanci «kai» na nufin «da», a harshen Hawai teku, a na Maori abinci.

Ɗalibi kan ga irin wannan, ya rubuta a kundinsa cewa harsunan dangi ne. Kuskure ne. Sautukan kowane harshe ƙididdigaggu ne, don haka tilas gajerun kalmomi su yi arashi.

Dangantaka sai da tsari. Mu duba: gidanka, gidanki, gidanku, a Larabci baituka, baituki, baitukum. Sauti da ma'ana da jinsi da adadi duk sun dace, kuma harsuna ba su cika aron irin wannan ɗafi ba. Da hujjoji irin waɗannan Greenberg ya kafa Hausa cikin dangin Afro-Asiya a 1963. Kalma guda, ita kaɗai, ba ta isa shaida ba.