Ƙofar Baya Da Mai Tsaronta

 Ya 'yan'uwa malamai da fatake, na sani wani zai ga kan maganar nan ya ce, me ya gama mai allo da tawada da ƙofar gidan wasa? Yana da gaskiya. Ni ma ba kallo ya kai ni ba, amana ce ta kai ni. Batun halaccin kiɗa da wasan kwaikwayo kuwa mas'ala ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, tana da ranarta. Yau maganar ƙofa za mu yi, da wanda aka ɗora bisa kanta, da waɗanda ke tsayuwa gabanta.

A shekarar 2018, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, waɗansu 'yan wasan kwaikwayo da makaɗinsu suka yada zango nan Jibiya ran Lahadi, ranar kasuwarmu, za su wuce Maraɗi. Aka kewaye musu fili da kwano, aka yi ta shela. Bayan Magariba na ƙidaya almajirai, sai na ga babu ɗaya, yaro ɗan shekara goma sha uku wanda ubansa ya damƙa mini hannu da hannu. Aka ce tun la'asar yana ɗaukar wa baƙin nan kaya, har ya ce wa 'yan'uwansa gobe sai Maraɗi. Na ɗauki gardi guda muka tafi. Mai sayar da tikiti ya ce, "Allah gafarta Malam, yaran kaya suna ta baya, sai ka zagaya."

Da na zagaya sai na tarad da abin da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ashe bayan kowane gidan wasa akwai wata 'yar ƙofa wadda 'yan wasa ke shiga da fita ta cikinta, kuma tana da nata taron. Ga samari da wayoyi a hannu suna son ɗaukar hoto, ga masu neman a sa su cikin wasa, ga wata mace da takardar asibiti tana neman taimako. Gaban ƙofar kuwa wani ƙato ne zaune bisa benci, da dorina kwance a cinyarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne daga wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, hayin iyaka. Ya zo da zabi biyu ɗaure da igiya. Ya ce shekara da shekaru yana jin muryar babban ɗan wasan nan, jikokinsa kuma suna nuna masa shi cikin waya, ran da matarsa ta rasu ma ba abin da ya fara sa shi murmushi bayan kwana arba'in sai wasan mutumin nan. Ba ya son kome, ya gaishe shi kurum, ya miƙa masa zabinsa. Mai ƙofa ya ce, "Baba, an hana." Tsoho ya koma gefe ya tsuguna. Jim kaɗan sai ga mota ta tsaya, wani mai shadda ya fito, ya ba mai ƙofa hannu, hannun kuwa ba wofi yake ba. Ƙofa ta buɗe har da rusunawa. Tsoho ya sake matsowa ya ce, "Ɗana, na ga an shiga." Mai ƙofa ya ce, "To, Baba, kawo jaka biyar." Fatake sun san inda gizo ke saƙa: a bakinmu jaka naira 200 ce, tun daga fam 100 na zamanin da, a bakin mutanen Nijar kuwa jikka tamma 1,000 ce ta sefa. Mai ƙofa naira 1,000 yake nufi, tsoho ya ji sefa 5,000, abin da ya ninka wancan fiye da sau biyu a canjin lokacin. Ya kwance lalitarsa, ya ƙidaya, bai kai ba, ya mayar ya ɗaure. Wallahi ban ga ƙasƙanci irin na wannan ƙidayar ba.

Ni da na isa, sai mai ƙofa ya miƙe tsaye, ya ɓoye dorinar bayansa. Na ce ba shiga zan yi ba, yarona nake so a fito mini da shi. Nan da nan ya aika. Muna jira na ce, "Samari, kuɗin nan da kake karɓa, na wane ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ba a yanka mini kome ba. Tuwon dare ake ba ni, aka ce sauran in nema a ƙofa." Ya nuna mini tabo a goshinsa inda aka jefe shi da dutse a wani gari, ya ce a wani garin kuma wayar ɗan wasa ta ɓace, aka ce shi ya bar ɓarawo ya shiga, sai da ya biya. Na zo da fushinsa cike da ciki, na koma fushin ya rabu gida uku, kashi ɗaya kaɗai ne nasa.

Ƙofa a wurin wasa baƙuwa ce gare mu. Tashe na watan azumi gida gida yake bi. Kalankuwa a fili ake yinta bayan an kau da amfanin gona. Makaɗan da, irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu 1991 da Alhaji Mamman Shata da ya rasu 1999, in sun tsaya wajen biki ko ƙofar fada, mai riga yakan fito ya ba da riga, mai kwabo ya ba da kwabo, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan kowa da kyautarsa. Sanƙira shi ne tsani tsakanin makaɗi da masoyansa, aikinsa kusantarwa ne. Da silima ta zo, aka buɗe Rex a Kano 1937, aka buɗe Palace cikin birni 1952, mutane suka koyi biyan kuɗi kafin su ga wasa. Daga nan shinge ya bi dambe, ya bi kokowa, ya bi kiɗa. Sa'an nan rediyo da talabijin suka kai muryoyin su Ƙasimu Yero da Samanja cikin gidaje, a Nijar kuma su Yazi Dogo, har mutumin ƙauye ya riƙa jin ɗan wasa kamar ɗan'uwansa, alhali shi ɗan wasan bai san da zamansa ba. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano 1990, finafinan Hausa suka ƙara wa abin yawa. Masoya suka fi ƙarfin sanƙira, aka sa mai dorina a gurbinsa.

Kada a ce ina cewa a tumɓuke ƙofar. Tilas ne a tsare ta. Mutum ya yi awa uku yana magana da tsalle, yana bukatar ya yi alwala, ya rama salla, ya sake tufa. Akwai mata cikinsu da ba ya halatta a kutsa musu. Ba kuma duk mai murmushi ne masoyi ba. A birnin New York, ran 8 ga Disamba 1980, aka harbe mawaƙin Ingila John Lennon a ƙofar gidansa, wanda ya harbe shi kuwa ɗazu da maraice ya karɓi sa hannunsa kamar sauran masoya. Mu nan da muka ga shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan binciken mai shiga taro. Dattawan Kano kuwa ba su manta da gobarar silimar El Duniya ba, cikin watan Mayu 1951, inda mutum 331 suka halaka. Duk inda jama'a ta taru cikin shinge, wanda ke riƙe da ƙofa rayuka yake riƙe da su.

Shi ya sa magabata ba su ɗauki aikin nan abin wasa ba. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Abu Musal Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya mai da kansa mai tsaron ƙofar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, a garkar da rijiyar Arisu take. Sayyidina Abubakar ya zo, Sayyidina Umar ya zo, Sayyidina Usman ya zo. Kowannensu sai da ya dakatar da shi, ya shiga ya nemo izini, ya komo masa da amsa. Ku duba, bai buɗe don girman mai zuwa ba, bai kuma hana da ra'ayin kansa ba. Kai saƙo ya yi, ya kawo amsa. Iyakar aikin ke nan. Ibnu Haldun kuma ya kawo cikin Muƙaddima cewa Halifa Abdulmalik, da ya naɗa hajibinsa, ya ware mutum uku da ba za a tsare ba: ladan, da mai kawo wasiƙu, da mai kawo abinci. Watau mai gida shi ke shata wa mai ƙofa iyaka tun farko. Shehu Magili ma, wanda ya zauna Kano da Katsina, cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata haɗarin shugaba ya ɓuya daga jama'arsa. Ɗan wasa ba sarki ba ne, amma cinsa da shansa daga hannun waɗannan na bakin ƙofa suke fitowa.

To, kuɗin ƙofar baya fa? In an ce wa mai ƙofa kada kowa ya shiga, ya karɓi kuɗi ya shigar, ya ha'inci wanda ya ɗora shi. In an ce ya shigar da masu gaisuwa, ya hana sai an biya, ya zalunci masu zuwa. Ko ta ina aka juya ta rashawa ce, kada a lulluɓe ta da sunan goro. Wannan shi ne kashinsa. Kashi na biyu na shugaban 'yan wasa ne. Duk wanda ya karanta Risala ya san sharaɗin ijara a ambaci lokaci a ambaci lada. Ka ɗauki ƙato aiki ka ce ladansa abin da ya samu a ƙofa, wannan garari ne, ƙulli ne ɓatacce, kai ka koya masa tatsar mutane, sa'an nan ka shige ciki kana cewa ba ka sani ba. Kashi na uku, ku yi mini haƙuri ya fatake, namu ne. Mai shaddar nan da ya naɗe kuɗi cikin tafin hannu shi ya yanka wa ƙofar farashi, tsohon Ɗan Isa ya tarad da farashin. Mu mutanen iyaka mun saba da wannan musabaha tun daga Magama har inda hanya ta kai, har ta zama mana kamar sallama. Da aka rufe iyakar nan cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa Agusta 2023 har Maris 2024, kowa ya ɗanɗana tsayuwa gaban ƙofar da ke buɗe wa wani tana rufe masa. Wanda ya sha wannan bai kamata ya shayar da waninsa ba.

Masu kallo su ma suna da nasu gyaran. Tikiti kallon wasa ya saya maka, bai saya maka mutumin ba. Suratun Nur ta koya mana neman izini, ta kuma koya mana in an ce mu koma mu koma ba tare da ƙunci ba, Sunna ta iyakance neman ga sau uku. Jifa da zagi da hawan shinge ba soyayya ba ce.

A manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin Landan, tsaron ƙofar baya aiki ne mai albashi. Mai shi yana da ɗan ɗakinsa da littafin da ake rubuta mai shiga da mai fita, makullai suna hannunsa, shi ke karɓar wasiƙu da kyaututtukan masoya ya isar. Masu kallo su tsaya waje bayan an tashi, ɗan wasan da ya ga dama ya fito ya gaisa da su ya sa musu hannu a takarda, in kuwa ba zai fito ba, sau da yawa mai ƙofa yakan sanar, kowa ya kama gabansa. Ba wani sihiri cikin wannan, abin da Abu Musa ya yi ne aka ƙara masa littafi da alƙalami. A filin kokowa na Maraɗi, wanda aka sa wa sunan Yakuba Kantu, gwarzon da ya ci takobin farko a Tawa 1975, 'yan kokowa sukan zagaya fili gaban jama'a, mai kyauta ya miƙa a bainar kowa, a faɗi sunansa. Masu shirya wasa a garuruwanmu za su iya haɗa biyun: a yanka wa mai ƙofa lada sananne gaban shaidu, a ba shi littafi, a sa wa gaisuwa lokaci, ko rabin awa ne bayan an tashi, ɗan wasa ya fito waje da kansa, a fara da tsofaffi da waɗanda suka zo daga nesa.

Aka fito mini da yarona yana rawar jiki, na riƙe hannunsa. Kafin mu juya na roƙi mai ƙofa ya shiga ya faɗa wa ɗan wasan cewa ga wani dattijo daga hayi da zabi. Ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ce an ce ya kwanta. Dare ya yi nisa, ba motar Ɗan Isa, sai na tafi da tsohon ya kwana zauren makaranta. Da asuba bayan salla muka aika gardi masaukin baƙin, ya tarar sun ɗaura kaya sun wuce tun kafin kiran farko. Tsoho ya ce zabin nan ya riga ya fitar da su daga dukiyarsa, ba za su koma gida ba. Ya sa aka yanka wa almajirai, ya sha kunu, ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha.